Takun Keken Yaya

Tana kan keken ɗinki labarin ya same ta. Da hantsi ne, tana kalmasa bakin wani farin zanin gado, sai ɗanta Direba ya ɗaga labule ya shigo ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota a hannu, idonsa a ƙasa.

"Umma," ya ce. "Inna Ƙarama ce. Sai haƙuri."

Kunnenta ya ji sarai, ƙafarta ce ba ta ji ba. Ta ci gaba da taka keken har allura ta kai ƙarshen zanin, ta ja zare ta yanke, ta ninke zanin tsaf, sannan ta yi salati ta ce, "To matashin fa?"

Don matashin ne ta dawo gida. Da sassafe ƙanwar tata ta kore ta daga gefen gadon asibiti, ta ce, "Yaya, je ki ɗauko min ƙaramin matashina, wannan nasu kamar buhun tsakuwa yake. Kuma ki tsaya ki gama aikin mutane. Wannan kai-komon naki a kaina ya fi ciwon gajiyar da ni." Ga matashin nan a gefen keke cikin leda, tare da robar ruwan zafi.

Su biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan mazajensu sun rasu suka haɗu a ɗaki da falo a ƙarshen layi, babbar tana ɗinki, ƙaramar tana sa maɓalli da guga in jiki ya bari. Ƙaramar ce ke ce mata Yaya, har layin gaba ɗaya ya ɗauka. Tsofaffin da suka girme ta ma Yaya suke kiranta.

Ciwon zuciya ne da Ƙarama, irin wanda ba ya tafiya, sai dai a koyi zama da shi. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya gajarta, daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ta tsaya ta dafa bango. Shekaru suka yi a haka. Yaya ba ta iya lallashi da baki ba, da hannu ta iya. Ta ɗinka mata matasai, na bayan wuya daban, na ƙarƙashin gwiwa daban. Ta yanka mata riguna masu faɗi, ta juya ɗinkin ya koma waje don kada ya ci mata fata. Robar ruwan zafi ma sai da ta yi mata riga. Fanka kuwa bango take juya ta, iska ta bugi bango ta dawo a hankali, don Ƙarama ba ta son a hura ta kai tsaye.

Abu ɗaya ne Yaya ba ta sa hannu a ciki ba, shi ne zaman safe. Wata nas ce a ɓangaren masu ciwon zuciya ta koya wa Ƙarama. A zauna a jingina, a ɗora hannu a ciki, a ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi ta baki kamar ana hura shayi mai zafi. In tunani ya zo, kada a yi faɗa da shi, a bar shi ya wuce, a koma wa numfashin. Ranar farko da Yaya ta juyo ta ga ƙanwarta a kujera ido a rufe, ko motsi babu, sai ta wawuri kofin ruwa ta watsa mata.

"Yaya! Lafiyarki kuwa?"

"Ke zan tambaya! Mutum da ransa ya zauna kamar an jingine tabarma?"

"Magani nake sha."

"Ina maganin?"

"Ga shi nan kin zubar min."

Daga baya maƙwabciyarsu Mai Sanda ta shigo cikin zaman. Ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu, da sanda take tafiya, amma bakinta lafiyarsa ƙalau. Kullum bayan shayin safe za ta ƙwanƙwaso, ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa, Ƙarama tana kujerarta ta jikin taga, su rufe ido. Yaya tana gefe tana taka keke tana musu tsiya: "Kaji sun hau ƙwai. Allah ya sa a ƙyanƙyashe lafiya."

Sau ɗaya ta ce bari ta dinga dakatar da keken har su gama. Ƙarama ta ce, "A'a, yi aikinki. Amma fara da zanin gadon nan, wuyan riga ya jira rana ta yi." Kullum haka take. Labule, zanin gado, duk wani ɗinki mai tsawo, shi za ta turo mata da safe. Aljihu da wuya da hannun riga sai da yamma. Yaya takan ce, "Mara lafiya da mulki. Ni da kekena, sai an tsara min."

Da aka gama zaman gaisuwa mutane suka watse, Yaya ta kasa zama. In ta zauna a kan gado sai ta ji kamar an zuba mata tururuwa a jiki. Ta hau keke tun safe har rana ta faɗi. In aiki ya ƙare ta farke wanda ta gama ta sake ɗinka shi. Ta wanke labulen da ba su yi datti ba. Ta janye gado daga wannan bango zuwa wancan, washegari ta mayar da shi. Kujerar jikin taga kaɗai ba ta taɓa ba, kewaye ta take yi kamar rijiya. Masu kawo ɗinki suna cewa, "Yaya, ki ɗan huta mana." Ta ce, "Na huta in yi me?"

Ba ta yi kuka ba. Ta nemi kukan ta rasa inda ta ajiye shi.

Ita ma tana da nata ciwon, hawan jini, tun da daɗewa. Ƙarama ce ke ajiye mata ƙwayar a gefen kofin shayi kowace safiya. Yanzu babu mai ajiyewa, sai ta sha yau ta manta gobe da jibi. Ƙeyarta ta fara sara. Wata rana tana shanya a tsakar gida, igiyar ta rabu biyu a idonta, ta farka ta ga kanta a ƙasa kusa da baho, matan gidan suna mata fifita.

Direba ya kai ta asibiti. Nas ɗin nan ta Ƙarama suka tarar. Ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa.

"Mama, jinin nan ya hau da yawa. Kina shan maganinki?"

"In na tuna."

"To ki dinga tunawa. Kuma ki huta. Kin ga zaman da ƙanwarki take yi, Allah ya jiƙanta? Ki gwada. Ki dawo ƙarshen wata in sake dubawa."

Da suka shigo layi, Direba ya kashe mota ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Umma, na gama magana da matata, ta gyara miki ɗaki. In muka koma ƙarshen wata jinin nan bai sauka ba, zan ɗauke ki. A mayar wa mai gida makullinsa."

"A gidanka in yi me? A can saman bene, in zauna gaban talabijin kamar hoton bango?"

"Ki huta."

"Wa ya san ni a can? Wa zai ce min Yaya?"

"Umma, na binne Inna Ƙarama. Ba zan zo in tarar da ke a gefen baho ba."

Ya bi ta har falo. Ya durƙusa a gindin keken kamar mai duba ƙarƙashin mota, ya zare bel, igiyar fatar nan da ke haɗa babban wili na ƙasa da kan keken, ya naɗe ya sa a aljihu.

"Kai! Ajiye min abina!"

"Ƙarshen wata, Umma. Ki yi haƙuri."

Ya fita da sauri kafin ta kai ga takalminta.

Da niyyar alheri ya yi, amma sai abin ya ƙara lalacewa. Da can aƙalla ƙafarta tana da wurin zuwa. Yanzu sai ta tsinci kanta a tsakiyar falo a tsaye, ba ta san me ta taso yi ba. Ta ɗauki allurar hannu, ta ajiye. Ta yanka yadi ta tara, babu abin haɗawa. Ta yi tunanin aiken a sayo mata wani bel, ta tuna idon yaron nan a mota, ta fasa.

Kuma ta san in ba ta zauna ba, ɗakin zai tafi. Ɗakin da ƙusar da Ƙarama ke rataya mayafinta take, da tabon man zafi a jikin bango, da tagar da rana ke shigowa ta kwanta daidai hannun kujera. Saboda haka ta gwada. Ta sha ƙwayarta, ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannu a ciki ta rufe ido.

Sai shiru ya taso mata. A cikinsa ta ji famfo yana ɗiga. Ta ji rediyon wani gida. Ta tuna ba ta mayar wa matar mai shago ragowar yadinta ba. Ta tuna ledar matashi. Sannan ta ji abin da ya fi komai ƙara: babu wannan 'yar shessheƙar numfashin da ta saba ji daga jikin taga. Zuciyarta ta hau bugu kamar ana dukan ƙofa. Ta miƙe zumbur ta ɗauki tsintsiya.

Ta sake gwadawa washegari, ta gwada a ƙasa, ta gwada a tsakar gida, ta gwada da auduga a kunne. Kullum tsintsiya ce ƙarshen zancen. Ƙeya tana sara, wata yana tafiya. Direba yana bugo waya: "Umma, kina hutawa?" Ta ce, "Ina hutawa," tana tsaye a kan kujerar roba tana goge saman ƙofa.

A haka Mai Sanda ta same ta. Tun rasuwar ba ta shigo ba, gwiwoyinta sun tashi, ga kuma zafin rashin ƙawarta. Ta ƙwanƙwaso da sandarta, ta tsaya tana kallon Yaya a sama.

"Ikon Allah. An ce ki huta, kin koma ƙadangare."

"Shigo ki zauna, ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Sauko dai. In kin faɗo ba ni da hannun tare ki."

Yaya ta sauko. Mai Sanda ta lallaba ta zauna a tabarmarta ta da, tana nishi, ta miƙe ƙafa. Ta dubi kujerar jikin taga, ta kawar da kai. Yaya ta haɗa mata shayi, ta zuba ruwan zafi a roba ta ɗora mata a gwiwa, duk a tsaye.

"Ke dai ku biyu kun cuce ni," in ji Yaya. "Kuna zama kamar abin banza, na ɗauka sauƙi gare shi. Na rufe ido, na ja, na hura, na yi duk abin da nas ta ce. Shirun nan cina yake yi. Yaron nan zai kwashe ni ƙarshen wata, ni kuwa na kasa zaman da mai ciwon zuciya ta iya."

Mai Sanda ta ajiye kofi.

"Wane shiru?"

"Shirun da kuke zama a ciki mana."

"Ke Yaya, yaushe aka taɓa yin shiru a ɗakin nan? Kina kan wannan tarakta taki tun safe?"

"Ai shi na ce. Duk da ƙarar kuka iya. Ni ga shi babu ƙarar ma na kasa."

Mai Sanda ta yi dariya har sai da ta riƙe gwiwa, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta share ido da bayan hannu.

"Ashe da gaske ba ta gaya miki ba. Ai keken muke bi."

"Wane keken?"

"Naki. Ƙarama ta gwada a ɗaki ita kaɗai ta kasa, kamar yadda kika kasa. Ta ce shiru yana sa ta jin zuciyarta tana tuntuɓe, sai tsoro ya kama ta. Ran nan tana zaune kina ɗinka labule, ta ji numfashinta ya hau kan takunki da kansa. Ki taka, ki taka, ta ja. Ki taka, ki taka, ta saki. Ni ma haka ta koya min. Me kike tsammani ya sa take turo miki zanin gado da safe? In kina wuyan riga, taka-tsaya taka-tsaya kike yi, sai mu yi ta haɗiyar iska kamar kifi a tudu."

Yaya ta tsaya da murfin flas a hannu.

"Mulki na ɗauka."

"Akwai mulkin ma, kada ki rage mata."

"To me ya hana ta faɗa min? Shekara da shekaru?"

"Na ce ta faɗa. Ta ce, 'Ba ki san Yaya ba. In ta sani, za ta fara yi min taku na musamman, tana juyowa tana tambaya ko ya yi, ta ɓata shi. Bar ta tana zaginmu, a nan takun yake daidai.'"

Yaya ta rufe flas. Ta dubi keken da ta lulluɓe da tsohon zani.

"Bel ɗin yana aljihun yaron nan."

"Bel ne ke takawa ko ƙafarki? Ni dai gwiwata tana min ciwo, kuma tun da aka yi rasuwar nan ban samu zama ba. Hau ki ba ni."

Yaya ta yaye zanin ta zauna. Ta ɗora ƙafa a kan mataki ta danna. Babban wilin ƙasa ya juya, allura tana tsaye a sama ba ta motsa ba. Ƙarar ba irin ta da ba ce, babu cacacar allura, sai wani kwat, kwat mai taushi daga ƙasa. Babu nauyin da zai riƙe ƙafar, sai ta zarce da gudu.

Mai Sanda ta buga sanda a ƙasa. "Wa ya biyo ki? Wannan ai aljihun wando kike ɗinkawa. Zanin gado na ce."

Ta rage.

"Ƙara ragewa. Babban gado, na amarya."

Ta ƙara ragewa. Hannayenta suka rasa abin yi, suna lalube a kan teburin keken, suna neman yadin da babu. Mai Sanda ta miƙa sanda ta jawo ledar nan da ke gefe tun ranar, ta zaro ƙaramin matashin ta jefa mata a cinya.

"Riƙe wannan, ki daina shafa katako."

Ta riƙe. Yana ƙanshin man zafi. Ƙafarta tana tafiya a hankali, kwat, kwat, ba ta rufe ido ba, tana kallon allurar da ke tsaye. Tunanin yadin matar mai shago ya zo, ya wuce. Famfo yana ɗiga, bai dame ta ba. Can ta lura ƙirjinta yana cika a kan taku, yana sauka a kan taku, ba ita ta sa shi ba. Haka ke nan Ƙarama take ji kowace safiya, a bayanta, ita kuwa tana kiranta kaza.

Kukan da ta nema ta rasa, a nan ya same ta. Ya zo ba hayaniya, yana zuba a kan matashin, ƙafar ba ta tsaya ba. Mai Sanda ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Idonta a rufe, hannunta mai lanƙwasassun yatsu a kan ciki. Sai da shayi ya huce sannan ta buɗe ido ta ce, "Kin ɗan yi sauri a ƙarshe. Gobe a gyara."

Ba a rana ɗaya Yaya ta zama mai zama ba. Da rana har yanzu tana kewaya falo, tana wanke abin da ba ya son wanki. Wata safiyar takun ya ƙi daidaita, ta tashi da haushi. Amma kullum Mai Sanda tana ƙwanƙwasowa, kuma ita ce ta ce a dinga ajiye ƙwayar maganin a kan teburin keke, kusa da almakashi, inda ido ba zai tsallake ta ba.

Ƙarshen wata Direba ya zo da mota. A asibiti nas ta ɗaura abin awo, ta matsa, ta duba. Yaya tana jin yatsun ƙafarta suna danna takalmi a hankali, suna sakewa.

"Ya sauko, Mama. Bai kai inda nake so ba, amma ya kama hanya. Me kika canza?"

"Ina shan maganin. Kuma ina taka keke."

Direba ya juyo da sauri. "Wane keke? Bel ɗin yana wurina!"

"Shi ya sa ya yi daɗin takawa."

A hanya ta ba shi labarin, a gajarce, tana kallon titi. A falo ya tsaya yana duban kujerar jikin taga da tabarmar Mai Sanda da ƙwayar gobe da aka riga aka ajiye kusa da almakashi.

"Umma, ni tsoro nake ji."

"Na sani. Ni ma ina ji. Amma a nan na san inda zan sa ƙafata."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da bel ɗin, ya lanƙwashe saboda daɗewa a naɗe.

"In kika sake faɗuwa, ba shawara zan yi da ke ba."

"Na ji. Kawo, ɓarawon bel."

Shi da kansa ya durƙusa ya mayar.

Tana nan a ɗakin har yanzu. Aiki ya dawo, ciwon kai yana zuwa yana tafiya, kujerar jikin taga babu mai zama a kanta. Mai Sanda wata rana ta zo, wata rana gwiwa ta hana. Ko ta zo ko ba ta zo ba, da safe Yaya takan ɗora ruwan shayi, ta haɗiye ƙwayarta, ta sunkuya ta zame bel daga kan wili. Ta ɗora ƙaramin matashin a cinya, ta taka a hankali har ruwan ya tafasa. Sannan ta mayar da bel, ta tona cikin kayan ɗinkin mutane, ta zaro wanda ya fi tsawo ta fara da shi.